Sulken Saul ko Majajjawar Dawuda: Yadda Za Mu Zaɓa wa 'Ya'yanmu Makarantar Kuɗi

Wuraren karatu: 1 Sama'ila 17:38-40, Luka 14:28-30, Karin Magana 22:6-7



Kowace shekara idan watan Agusta ya kama, hira takan canja a bakin majami'a bayan an tashi sujada. Tambayar da ake yi wa juna ita ce, "Ina za ka kai yaronka bana?" Wani ya ambaci sunan wata babbar makarantar kuɗi a Kano ko Jos, sai a ce masa, "Kai, madalla, Allah ya yi maka buɗi." Wani kuma ya ambaci ƙaramar makarantar da ke bayan gidansa a Kazaure, yana faɗa ƙasa-ƙasa kamar mai neman gafara. Daga nan ne matsalar take farawa. Uba ya koma gida zuciyarsa ba daɗi, ya shiga lissafin buhun gero nawa zai fitar daga rumbu, ko akuya nawa za a kai kasuwa, domin shi ma a ji sunan makarantar ɗansa a yi masa madalla.

Wannan koyarwa domin iyaye ne da masu riƙon yara a ikkilisiyoyinmu, musamman na yankin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura. Abin da muke so mu nuna ɗaya ne: makarantar da ta fi wa yaro ita ce wadda ta dace da shi, ta dace da ƙarfin gidansu har ya gama, ta kuma bar masa bangaskiyarsa. Suna yana iya zuwa tare da waɗannan, yana kuma iya zuwa ba tare da ko ɗayansu ba.

Abin da Dawuda ya tuɓe

Mun san labarin. Da Dawuda ya yarda zai fita ya kara da Goliyat, sarki Saul ya sa masa kayan yaƙinsa na kansa, wato kwalkwalin tagulla da sulke da takobi. A duk rundunar Isra'ila babu kayan da suka kai waɗannan daraja, gama na sarki ne. Amma da yaron ya gwada tafiya a cikinsu sai ya kasa, domin bai saba da su ba. Ya tuɓe su, ya ɗauki sandansa da majajjawarsa, ya tsinci duwatsu biyar a rafi.

Mu lura da abu biyu. Sulken ba shi da wani aibu, a jikin Saul yana aiki sosai. Saul kuma da kyakkyawar niyya ya ba da shi. Haka yawancin iyaye suke: ƙauna ce take sa mu so mu ɗora wa yaro abin da ya fi tsada. Sai dai ƙauna ba ta rage wa sulke nauyi. Da Dawuda ya ji kunyar tuɓe kayan sarki a gaban jama'a, da labarin ya ƙare dabam.

Yadda muka zo nan

Iyayenmu ba su sha wannan wahalar zaɓi ba. A zamanin Turawa, mishan ta SIM, wadda ikkilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta kafa tasha a Roni tare da makarantar kwana ta yara maza. Waɗanda suka bi ta irin waɗannan makarantu sun fito sun iya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, sun iya rubutu da lissafi, waɗansu suka zama malamai da ma'aikatan asibiti da masu bishara. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓi makarantun mishan a sassa da yawa na ƙasar nan. A 1976 aka soma shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda malamai da gine-gine za su iya ɗauka. Daga shekarun 1980 zuwa yau makarantun kuɗi suka yi ta yawaita, tun daga manyan birane har ƙananan garuruwa.

Yau dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko, wato 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne a makarantun gwamnati. Saboda haka duk wanda ya kai ɗansa makarantar kuɗi yana sayen wani abu ne da yake ganin ba zai samu a ta gwamnati ba. Ya kamata ya iya faɗin mene ne abin. Idan amsar ita ce malami mai zuwa aji kullum, da aji marar cunkoso, da tarbiyya, to, ya san abin da yake saya. Idan amsar ita ce "kowa ya san makarantar," to, cinikin biri a sama ne.

Me suna yake aunawa?

Makaranta mai suna takan yi jarrabawar shiga, ta ɗebi yaran da dama can sun fi ƙoƙari, daga gidajen da ake da littattafai da wutar karatu da kuɗin lesin. Bayan shekara shida yaran su ci jarrabawa, a buga sakamakon a allon talla. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: nawa ne aikin makarantar a cikin wannan nasara, nawa ne kuma abin da yaran suka shigo da shi?

An bincika wannan a ƙasar Kenya. Masana biyu, Adrienne Lucas da Isaac Mbiti, sun wallafa bincikensu a 2014 a kan manyan makarantun sakandare na ƙasa, waɗanda kowane uba a can yake mafarkin ɗansa ya shiga. Suka gwama yaran da suka haye makin shiga da kyar da waɗanda suka rasa da ɗan kaɗan suka tafi makarantun da ba su kai su suna ba. Da aka zo jarrabawar gama sakandare, kusan babu bambanci tsakanin ɓangarorin biyu. Wannan bai nuna cewa duk makarantu ɗaya suke ba. Ya nuna dai cewa kyakkyawan sakamakon da ake talla da shi bai isa shaida a kan abin da makarantar za ta ƙara wa yaronmu ba.

Dogon gini ma ba shaida ba ne. A watan Yuli na 2024 ginin bene na wata makarantar kuɗi ya rufta a Jos ana cikin karatu, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Fenti da ƙofar ƙarfe da motar ɗaukar yara abubuwa ne da ido yake gani daga titi. Ubangiji ya riga ya gargaɗi Sama'ila a gidan Yesse game da yin hukunci bisa ga tsayi da kyan gani (1 Sama'ila 16:7).

Dacewa da yaron

Kafin mu duba makaranta, sai mu duba yaron. A gida ɗaya akwai mai saurin kama karatu, akwai wanda sai an maimaita masa sau uku, akwai wanda hannunsa ya fi bakinsa, ya kwance rediyo ya mayar. Akwai yarinyar da za ta iya zaman makarantar kwana tana da shekara 11, akwai wadda idan aka raba ta da uwarta a wannan shekaru sai ta rame ta daina magana. Yaro mai ciwon sikila ko asma yana bukatar makarantar da za a iya kai shi asibiti cikin dare, a kuma sanar da iyayensa.

Sai batun harshe. Da yawa cikin 'ya'yanmu na ƙauyukan Roni da Gwiwa da Hausa suka tashi, da ita suke addu'a, da ita suke tunani. Waɗansu makarantu suna alfahari da cewa suna hukunta yaron da ya yi Hausa, iyaye kuma su ɗauka wannan alamar inganci ce. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara dukan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su koma baya a Turanci ba, sun kuma fi takwarorinsu fahimtar sauran darussa. Muna so 'ya'yanmu su iya Turanci, gama da shi za su rubuta WAEC da NECO da JAMB. Amma yaron da yake rera Turanci bai san ma'anarsa ba, haddar aku yake yi. Malamin da zai tsaya ya warware masa lissafi da Hausa har ya gane ya fi masa amfani a ajin farko.

Mu kuma duba inda yaron ya dosa. A yankinmu akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, akwai cibiyar koyon ilimin kwamfuta ta jiha a nan Kazaure, akwai kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Mai neman shiga jami'a yana bukatar kiredit biyar, har da Turanci, da darussan fannin da yake so, da makin JAMB. Abin da ake dubawa ke nan a takardarsa. Idan yaro yana son aikin injiniya, makarantar da take da malamin Fiziks na dindindin da ɗakin gwaje-gwaje mai aiki ta fi masa wadda take da kyakkyawan zauren taro.

Dacewa da aljihu

A Luka 14 Yesu ya yi maganar mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafi, don kada ya sa harsashi ya kasa gamawa. Yana koyar da tsadar zama almajirinsa ne, amma misalin ya ɗauko shi daga abin da kowane magidanci ya sani.

Bari mu yi lissafin. Shekarar karatu zango uku ce. Sakandare shekara 6 ce, wato biya 18. Daga aji ɗaya na firamare zuwa ƙarshen sakandare biya 36 ne. Mai 'ya'ya huɗu, idan duka za su bi wannan hanya, zai biya sau 144. Kuɗin da aka faɗa mana ranar farko kuwa ba shi ne duka ba. Akwai yunifom, littattafai, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, lesin, bikin yaye ɗalibai, rajistar jarrabawa, da kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kai yaro makarantar kwana a Jos ko Kaduna da ɗauko shi da ziyararsa ya zama wani kuɗin makaranta na biyu. Ga shi kuma kuɗin makaranta ba ya tsayawa inda aka same shi.

Manomi yana da ƙarin abin dubawa. Kuɗinsa da kaka yake shigowa, bayan an girbe gero da dawa da gyaɗa da riɗi. Zangon farko kuwa a watan Satumba yake farawa, zango na uku kuma yakan faɗo daidai lokacin da ake neman kuɗin taki da iri. Wanda bai yi wannan lissafi ba shi ne yake sayar da hatsi da araha da kaka, ya dawo ya saye shi da tsada da damina, ko ya ci bashi da ruwa. Karin Magana 22:7 ta nuna mana matsayin mai cin bashi a gaban mai ba da shi. Abin lura ne cewa wannan aya tana biye da ayar da muke yawan ambata a kan tarbiyyar yaro.

Wanda ya fi shan wahalar lissafin da bai cika ba shi ne yaron. Shi ake kira da suna a gaban 'yan ajinsu a ce ya koma gida. Shi yake zaman mako uku ana karatu ba shi. Shi ake cirewa a tsakiyar aji biyu na babbar sakandare a kai shi wata makaranta inda littattafai dabam, malamai dabam. Yaron da ya yi shekara shida cif a matsakaiciyar makaranta yakan fi wanda ya yi biyu a babba, ɗaya a gida, uku a inda aka samu.

Akwai kuma zunubin da ba mu cika kiransa da sunansa ba. A kwashe dukan ƙarfin gida a zuba a kan ɗa guda, sau da yawa namiji na fari, sauran kuma, musamman 'yan mata, a ce su yi haƙuri. Rigar ado da Yakubu ya ɗinka wa Yusufu shi kaɗai ta jawo wa gidansa baƙin ciki na shekaru (Farawa 37). Idan kuɗinmu zai kai yaro ɗaya makaranta mai suna ko ya kai huɗu makaranta mai kyau daidai gwargwado, sai mu tuna cewa dukansu huɗun Allah ne ya ba mu amanarsu.

Kada kuma mu ɗauka makarantar gwamnati abin kunya ce. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda tsohuwar Jihar Kano ta buɗe a 1977 tun Kazaure tana cikinta, sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa daga gidajen talakawa. A nan Kazaure akwai Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya, wadda ake shiga ta hanyar jarrabawar da hukumar NECO take shiryawa. Iyali zai iya haɗawa: firamare ta kuɗi kusa da gida domin harsashi ya yi ƙarfi, sa'an nan sakandaren gwamnati.

Dacewa da bangaskiya

A wannan yanki mu kaɗan ne, kuma muna zaune da maƙwabtanmu Musulmi a kasuwa ɗaya da rijiya ɗaya. Da yawa cikinmu malamai Musulmi ne suka koya mana karatu da amana, muna kuma gode musu. Duk da haka hakkin iyaye ne su yi tambaya a fili, cikin ladabi, kafin su biya ko kwabo. Ana koyar da darasin addinin Kirista? Wa yake koyar da shi? Idan makarantar kwana ce, ina yaran suke sujada ran Lahadi? A lokacin darasin wani addini, me yaronmu zai riƙa yi? Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyarwa ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Ya fi kyau a yi wannan magana da shugaban makaranta tun ranar farko da a zo ana jayayya a tsakiyar zango.

A ɗaya gefen kuma, sunan da aka ɗauko daga Littafi Mai Tsarki aka rubuta a allon makaranta bai mai da ita ta Kirista ba. Makarantar da take buɗe rana da addu'a, amma ta riƙe albashin malamanta wata uku, ko ta karɓi kuɗi domin a ba yara amsa a ɗakin jarrabawa, tana koya wa 'ya'yanmu cewa ibada dabam, gaskiya dabam. Idan muka ji makaranta tana alkawarin cewa kowane ɗalibi sai ya ci kiredit tara, ko tana kwashe 'yan ajin ƙarshe zuwa wani ƙauye su rubuta jarrabawa, mu yi nesa da ita. Uban da ya biya kuɗin satar amsa ya rushe da hannunsa abin da makarantar Lahadi ta gina cikin shekara goma.

Mu tuna kuma cewa ba a ba wata makaranta aikin da aka ba gida ba. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 iyaye ta ɗora wa koyar da maganar Allah, a zaune da tafe, da dare da safe. Bangaskiyar Timoti daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ta biyo (2 Timoti 1:5). Kafin mu tura yaro ƙarami nesa na wata tara a shekara, mu tambayi kanmu wa zai riƙe wannan aiki a can.

Ranar da muka je dubawa

Kada mu je ranar biki ko ranar da aka gayyaci iyaye. Mu je ranar Talata ko Laraba da hantsi, miji da mata tare idan zai yiwu, mu nemi waɗannan:

1. Takardar amincewar Ma'aikatar Ilimi ta jiha. Idan sakandare ce, mu tambaya ko WAEC da NECO sun amince a rubuta jarrabawarsu a makarantar.

2. Malamai. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya, hukumar TRCN kuma ita take yi wa malamai rajista. Mu tambaya malamai nawa ne suka shekara uku a wurin. Inda malamai suke canjawa kowane zango, akwai dalili.

3. Littafin rubutun yara. Mu roƙa a nuna mana na yaro matsakaici. An duba aikin? An gyara kuskure? Yaushe aka duba na ƙarshe?

4. Aji. Yara nawa ne a ciki, kuma na bayan aji yana ganin allo?

5. Ruwan sha da makewayi, musamman na 'yan mata. Ɗakin kwana, da wanda yake kwana kusa da yaran.

6. Horo. Yaya ake hukunta yaro, wa yake da izinin yi, kuma ina yaro zai kai ƙara idan babba ya cuce shi?

7. Dukan kuɗin shekara a rubuce, da abin da ake yi wa yaron da iyayensa suka makara da biya.

Bayan haka mu nemi iyaye biyu ko uku da 'ya'yansu suke can, da wanda ya cire nasa, mu ji ta bakinsu. Mu kuma saurari yaron. Dawuda ne ya san sulken bai zauna masa ba, gama shi ne a ciki.

Abin da ya rage ga ikkilisiya

Yawancin matsin da iyaye suke ji daga wurinmu yake fitowa. Yakubu 2:1-4 ya tsauta wa taron da yake ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, ya bar matalauci a tsaye. Idan a lokacin shaida da godiya muna tafa wa wanda ɗansa ya shiga makaranta mai tsada fiye da gwauruwar da ta riƙe 'ya'yanta uku har suka gama makarantar gwamnati, mun faɗa cikin wannan laifi.

Akwai abin da kowace ikkilisiya za ta iya yi ko da ba ta da kuɗi. A cikinmu akwai malaman makaranta, masu aiki da masu ritaya. Dattawa su roƙe su su riƙa raka iyayen da ba su yi boko ba zuwa duba makaranta. Matasan da suke karatu a Kazaure da Babura za su iya koya wa ƙannensu Lissafi da Turanci a majami'a lokacin hutu. Zumuntar mata za ta iya shirya adashin da kwasarsa take faɗowa a farkon zango. Ikkilisiyar da take da makarantarta kuma ta fara gwada kanta da tambayoyi bakwai ɗin nan kafin ta gwada ta wani.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Da babu wanda zai taɓa jin sunan makarantar da ɗanka yake, da ita za ka zaɓa?

2. Kun zauna da matarka ko mijinki kun lissafta kuɗin har zuwa shekarar gamawa, domin dukan yaran gida?

3. Wane yaro ne a ikkilisiyarmu yake zaune a gida yanzu saboda kuɗin makaranta, me za mu yi a kai kafin zango mai zuwa?

Addu'a

Ya Uba, kai ka ba mu 'ya'yan nan, ka kuma san kowannensu fiye da yadda muka san shi. Ka raba mu da gasa da neman yabon mutane. Ka ba mu hikimar zaɓi, da gaskiya cikin lissafi, da abin biya a kan kari. Ka albarkaci malaman da suke koyar da su. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.